Kaso Cikin Ganye

Shekara ta huɗu da sojoji sunka karɓi mulki, bayan an ɗaure gero an cika rumbuna, Yalwa ɗan kasuwa ya dawo daga Madawa da saƙo zuwa gidan Kalla. Saƙon ba wani babba ba ne. Ɗan kwalban maganin ido ne, naɗe cikin takarda, an ɗaure da zare. Hamidu ne ya aiko wa uwarsa Kulu, wadda idonta ke zubar da ruwa tun damina.

Hamidu ɗan farin Kalla ne. Shi ne kuma na farko a Gidan Jika, ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Tabotaki, da ya ci jarabawa anka tura shi babbar lakwal ta Madawa, wato makarantar boko. Ba da son Kulu ya tafi ba, ba kuma da son dangi ba. Kalla ne ya kafe shi kaɗai, ya ce tun da an ce yaro na da kai, a bar shi ya ga iyakar kan. Kalla kuwa in ya faɗi magana ba ya waiwayarta, ko da ta zame masa ƙaya.

Yalwa bai ga yaron da idonsa ba. Matar mai masaukin Hamidu ce ta miƙo masa ƙunshin ta bisa darni, ta koma wurin dakanta.

Da Kulu ta kwance zaren sai ta ga takardar cike take da rubutu, gaba da baya, shuɗi da ja, ga kuma zane-zane. Ta ajiye maganin, ta kira maigida.

A wurinmu rubutu ba abin naɗe kaya ba ne. Ko guntun takarda ka tsinta a ƙasa da baƙi a kanta, ɗauka kake yi ka soka jikin darni. Don haka babu wanda ya kawo a ransa cewa wannan shafi ne kawai da yaro ya yago daga kayensa, wato littafin rubutunsa na lakwal, shafin gwajin da anka yi musu a kan tsirrai, ya naɗe kwalba da shi. Takarda ta zo daga matafiyi, to wasiƙa ce.

Sai dai wa zai karanta? Mushe, wato malamin ƙaramar lakwal, ya tafi taro Buza, sai bayan mako. Liman kuwa ya juya takardar sau biyu, ya mayar, ya ce baƙaƙen nasara ba su san shi ba, shi ma bai san su ba. Wanda ya rage shi ne Sarjan Jima, taubashin Kalla, wanda ya yi sojan Faransi shekara goma sha biyu ya dawo da tabarau mai ƙafa ɗaya da kuma baki.

Kalla ya iske shi ƙofar gida yana tufkar igiya.

"A'a, Kalla da kansa? Wa ya mutu?"

"Kai za ka mutu in ba ka aje igiyag ga ba. Karanta mini wagga takarda. Yaron nan ya aiko."

"Wane yaro? Ba shi da suna?"

"Ka san wanda nike nuhi."

Jima ya sani sarai. Ɗan fari ne, uba ba ya kama sunansa, uwa ma haka. Ya dai so ya ja shi ne. Ya maƙala tabarau, ya ɗaure zaren da ke madadin ɗaya ƙafar bayan kunne, ya nesanta takardar da fuskarsa. Mutane sun fara taruwa, don ba kullum ake karanta wasiƙa a Gidan Jika ba.

"Babu gaisuwa," in ji shi.

"Kamar ƙaƙa babu gaisuwa?"

"Babu. Ko bonjur. Yaro mai ladabi ya rubuto wa ubansa ba gaisuwa, to shina cikin sauri ke nan." Ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi. "Selil. Selil. Nan ma selil." Sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.

"Mi ake nuhi da selil?"

"Kalla, zamna."

"Ba ni zamnawa. Hwaɗi."

"Selil ɗaki ne cikin kaso. Ba babban da ake tara ɓarayi ba, ƙaramin da ake jehwa mutum shi ɗaya. Ni na kwan takwas ciki a bariki, don na mari wani kaporal. Ko miƙe ƙahwa ba a yi."

Mutane sunka dubi juna. Lokacin kuwa jita-jita ta yi yawa cewa a birane ana kama ƴan lakwal masu dogon baki.

Jima ya mayar da tabarau ya juya takardar wajen zanen. "Dubi nan. Ya zana muna wurin. Ga ɗakuna dogaye, jere, kusa da kusa, ko allura ba ta shiga tsakani. Ya rubuta palisad. Palisad shinge ne na gumagumai da ake kewaye bariki da shi. Ga kuma wasu biyu nan sun tanƙwara, ƙohwa a tsakaninsu. Selil da gard. Gardi biyu ke nan bisa ƙohwa. Uwer, ferme. Su buɗe, su ruhe."

"To shi yana ina cikin ɗakunan?"

"Bai nuna ba. Wayo gare shi, kada a kama takardar." Yatsan ya sauka ƙasa. "Tib kirbile. Innalillahi. Kirbile shi ne wanda anka yi wa ruwan harsashi har jikinsa ya koma rariya. Kusa da shi kwampanyi. Kampanin soja guda ke nan."

Wata tsohuwa ta fara salati. Kalla dai yana tsaye, hannu a baya.

"Jan rubutun hwa?"

"Jan biro na hukuma ne. Ba hannun yaron ba ne wannan. Kalma ɗaya ce, an ja mata layi ukku a ƙasa. Mort." Ya ɗaga kai. "Matattu."

"Su wa?"

"Ga lissahi nan bisa, cikin da'ira. Huɗu bisa ashirin. Ashirin anka kama, huɗu sunka rage."

Kulu tana bayan darni tana ji. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dai ce, da muryar da kowa ya ji, "Malam, na hwaɗa maka. Na ce ka bar mini shi shi yi noma kamar ɗiyan kowa. Ka ce kai gare shi. To ga kan."

Kalla ya karɓi takardar ya linke ya sa aljihu. Ya juya wajen darnin, gaban mutum ya fi ashirin, ya ce, "Gobe ni da Madawa. In na iske shi da rai, da shi zan komo. Shi da lakwal kuma har abada. Kowa ya ji."

Kowa kuwa ya ji.

Sunka tashi bayan asuba shi da Jima, don Jima ya ce ba a shiga wurin hukuma ba da mai turancin Faransi ba. Da ƙafa sunka gangara kwari sunka hau dutse har Buza, daga nan sunka samu kamiyo mai ɗauke da buhunan wake. A hanya Kalla ya tambaya, "In shina cikin huɗun, wa ya ba shi kuɗin maganin ido cikin kaso?" Jima ya ce kaso ma akwai masu imani. Kalla bai gamsu ba.

A Madawa sunka nufi ofishin jandarma. Wani saurayin jandarma na zaune bayan tebur. Jima ya ƙame ya sara masa, ya zuba Faransanci mai tsawo. Saurayin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da Hausa, "Baba, mi ke tahe da ku?"

Kalla ya matso. "Yaro nika nema. An ce kun ruhe shi."

"Sunansa?"

Kalla ya dubi rufin ɗakin.

"Baba, sunan yaron."

"Ɗan lakwal ne. Dogo, baƙi, da tabo a haɓa."

"Ban tambayi haɓarsa ba. Ba ɗanka ba ne? Ba ka san sunansa ba?"

"Na sani."

"To hwaɗi."

Kalla ya daki ƙafar Jima. Jima, ko a wannan hali bai bar halinsa ba, sai da ya bari anka ɗan jima sannan ya ce, "Hamidu Kalla. Na hwari ne, shi ya sa tsohon ke zuhwa."

Jandarman ya buɗe babban littafi ya duba, ya ce ba su da mai wannan suna, mutum biyu ne ma kawai a rufe, su kuma rigimar jaki ce. Kalla ya fito da takardar ya shimfiɗa masa. Saurayin ya duba gaba, ya duba baya, kafaɗunsa sunka fara rawa. Ya rufe baki da hannu. "Siyans," ya ce, wato kimiyya da Faransanci, "wannan ai siyans ce. Ku tahi lakwal, bayan kasuwa, ku nemi mushensu." Dariya ta hana shi ƙarawa.

Da sunka fito Kalla ya ce, "Mi ya ce?"

"Silans. Wato mu kama bakinmu."

"To dariyar hwa?"

"Ba ka san hukuma ba. In abu ya ɓaci ƙwarai dariya su kai."

Sun isa lakwal ana cikin hutun hantsi, yara sun cika fili. Kalla ya tsaya bakin ƙofa yana neman shingen gumagumai, bai gani ba, sai ƴar katanga da akuya ma ke tsallakewa. Ya nemi gardi, sai wani tsoho mai sayar da gyaɗa. Can sai ga wani dogon yaro ya ɓallo daga cikin taro a guje, da ya matso ya rage gudu, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, lahiya? Inna ce?"

Kalla ya dube shi tun daga kai har ƙafa. Ya ɗan rame, hannunsa da farin alli. "Tashi. Ɗaga rigarka."

"Baba?"

"Ɗaga na ce."

Hamidu ya ɗaga riga gaban abokansa. Kalla ya zagaya ya duba bayan. Ko ƙurji babu. Ya juya ga Jima.

"Ina rariyar?"

"Ƙila ba shi anka harba ba."

Sai ga mushen ya iso, wani siririn mutum mai gajeren hannun riga. Irmiya sunansa, Kirista ne, ubansa ma'aikaci ne a asibitin mishan, amma Hausarsa tsantsa ce. Ya gaida tsofaffin da hannu biyu, ya sa anka kawo benci ƙarƙashin iccen nan da ake ce wa dogon-yaro. Kalla ya miƙa masa takardar. Hamidu na ganinta ya sunkuyar da kai.

Jima ya bayyana abin da ya karanta, ɗaya bayan ɗaya. Mushe Irmiya ya ciji leɓe, ya dubi ƙasa, bai yi dariya ba. Wannan ya sa Kalla ya ga girmansa.

"Baba, Sarjan bai yi ƙarya ba. Selil ɗaki ne. Amma waɗannan ɗakuna ba a kaso suke ba. Cikin ganye suke."

"Wane ganye?"

"Kowane. Na gero, na dawa, na wannan icce da muke ƙarƙashinsa. Da saiwa, da kara. Duk abin da ke tsiro da ƴan ɗakuna anka gina shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowane iri kuma da siffarsa, gwargwadon aikinsa."

"Shekarata hamsin da wani abu ina noma. Ban taɓa ganin ɗaki cikin ganye ba."

"Yanzu za ka gani."

Ya aiki Hamidu ya ɗauko wani ƙarfe mai dogon wuya da ɗan madubi a gindi, ya ce da shi ake ganin abin da ya fi ƙarfin ido. Ya tsinko ganyen albasa daga lambun lakwal, ya ɓare wata fatar da ta fi ta tafarnuwa siranta, ya ɗora bisa gilashi da ɗigon ruwa, ya juya madubin har ya kamo rana.

Kalla ya yi bismilla ya kanga ido. "Ina ganin gashin idona."

"Matsa kaɗan, Baba. Ruhe ɗayan."

Ya rufe wanda yake dubawa da shi. Anka gyara masa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago fuskarsa ta sake.

"Jima, zo ka gani. Akwai ɗakuna. Jere, kamar tubali."

Jima ya duba, ya miƙe yana buga ƙirji. "Mi na hwaɗa? Selil! Har ga gardin nan, biyu biyu!"

"Su ne," in ji Mushe. "Ganye na da ƴan ƙofofi da yake shan iska ta nan, ta nan kuma ruwansa ke fita. Kowace ƙofa da ɗakuna biyu masu kama da wake. In sun sha ruwa sai su kumbura su tanƙwara, ƙofa ta buɗe. In ruwa ya yi ƙaranci sai su saki, ƙofa ta rufe, kada shuka ta bushe."

"To wa suke tsaro kada shi hita?"

"Ruwa, Baba."

"Ruwa ne ɗan kason?"

Mushe ya sosa ƙeya. "To, kusan haka."

Ya ci gaba. Dogayen ɗakunan nan na palisad, ya ce, suna can saman ganye inda rana ke bugu, a tsaye, cunkushe, cike da ƙwayoyin kore, su ke dafa wa shuka abinci da hasken rana. Kalla ya ce bai taɓa ganin hayaƙi na tashi daga gonarsa ba. Mushe ya ɗauko gwangwani da wake ya tsiro ciki, ya zaro ɗaya a hankali, ya nuna masa wani farin gashi laushi jikin saiwar. Kowane sili ɗaki ɗaya ne, ya miƙe ya yi tsawo ya sirance don ya kutsa tsakanin ƙasa ya tsotso ruwa.

Nan Kalla ya ɗan tsaya. "Shi ya sa in za ka yi dashe ba ka kakkaɓe ƙasar?"

"Shi ya sa. In ka kakkaɓe, gashin ya tsinke, shuka ta yi yaushi."

"Wannan na sani tun ba a haihe ka ba."

"Ka san yi, Baba. Dalilin muke koya musu."

"Hm. To rariyar?"

Mushe ya ce waɗannan ɗakuna ne da sunka haɗu baki da baki, bangon da ke tsakaninsu huje-huje kamar rariya, ta nan abincin da ganye ya dafa ke gangarawa har saiwa. Kusa da kowanne akwai ɗan ɗaki abokin zama da ke kula da shi, shi ne Sarjan ya ɗauka kampanin soja. A ƙarƙashin ɓawon icce suke, don haka in ka zagaye icce ka ɓare ɓawonsa, sai ya mutu ko ba ka sare shi ba. Kalla ya gyaɗa kai. Ya taɓa kashe wata bagaruwa haka a bakin gonarsa.

"Saura matattun," ya ce. "Su wa anka kashe?"

"Ba a kashe kowa ba. Ɗakunan da ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye ne. In sun girma sai bangonsu ya yi kauri ya yi tauri, abin da ke cikinsu ya mutu, bangon tsakani ya ɓace, su zama bututu ɗaya dogo. Sai sun mutu ruwa ke samun hanya. Taurinsu kuma shi ke tsayar da kara."

Kalla ya gyara zama. "Mushe, duk abin da ka hwaɗi na haƙura na saurara. Amma wannan a'a. Matacce shi ɗebo ruwa shi kai wa mai rai? Gona tana kore shar, ka ce mini gawa ce ke shayar da ita? Abin da ya mutu ruɓewa shi kai. Masu rai ne."

Mushe ya dubi Hamidu, Hamidu ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Abin da ɗanka ya rubuta ke nan, Baba. Ya ce masu rai ne. Shi ya sa na sa masa ja."

"Kai ne mai jan biron?"

"Ni ne."

"To huɗu bisa ashirin ɗin hwa? Ina sha shiddan?"

Mushe ya bayyana a hankali cewa ashirin shi ne cikakken sakamako, Hamidu huɗu ya samu, don zanensa ya yi kyau amma ya hargitsa ayyukan ɗakunan. Ya ƙara da cewa yaron na da ƙoƙari a lissafi, wannan gwajin ne ya ba shi kashi, kunya ce ta sa ya yage shafin.

Kalla ya miƙe. Tsoron da ya kwana da shi ya sauka, wani abu ya hau wurinsa.

"Wato uwarka na can ba ta ci ba ta sha ba, ni na taka duwatsu da tsuhwana, na tsaya gaban jandarma shina mini dariya, duk don ka ɓoye abin kunyarka jikin kwalba? An ba ka ashirin ka zubar da sha shidda? Tahi ka ɗauko kayanka."

"Baba, don Allah..."

"Ban tambaye ka ba."

Mushe ya roƙa. Ya ce gwaji ɗaya ba ya yanke wa yaro hukunci, ya ce a bar shi ko zuwa ƙarshen shekara. Kalla ya ce ya gode da benci da bayani, amma ya yi magana gaban mutanen garinsu, kuma bai saba yin biyu ba.

Da azahar suna tasha. Hamidu ya zo da akwatinsa na ƙarfe ya ajiye, ya zauna nesa kaɗan, idonsa ja. Kamiyon Buza bai cika ba, direba ya ce sai an ƙara mutum shida. Sunka fake ƙarƙashin wani babban gawo da ke gefen tasha. Duk itatuwan wurin sun fara kaɗe ganye, ciyawa ta bushe, shi kuwa gawon ya yi lif da sabon kore, awaki na zagaye da shi.

Kalla ya daɗe yana kallon sama. Jima na gyangyaɗi.

"Kai," ya ce, bai juya ba. "Matso."

Hamidu ya matso ya durƙusa.

"Da ni anka yi wa gwajin nan, nawa zan ci?"

Yaron ya hau zanen ƙasa da yatsa.

"Da kai nike."

"Ƙila huɗu, Baba."

Jima ya buɗe ido ɗaya. "Ya yi maka kara. Biyu."

"Ruhe mini baki, kai da ka kashe mutum sha shidda jiya." Kalla ya nuna sama da haɓa. "Wanga icce. Ina da bakwai irinsa a gona. Da damina, ruwa ko'ina, kowane icce na murna, shi sai shi kaɗe ganye shi tsaya tsirara. Rani ya zo, kowa ya bushe, shi kuma sai shi yi kore. Tun ina yaro nike tambaya. Tsohona ya ce gardama ce gare shi. Liman ya ce ikon Allah, na kuwa yarda, amma ikon Allah ma ta wata hanya shi ke biyowa. To kai mai ɗakuna, hwaɗa mini. Gardinsa barci su kai da damina?"

Hamidu ya ɗaga kai ya dubi gawon kamar yau ya fara ganinsa. "Saiwarsa tana tahiya ƙasa ƙwarai, Baba, tana iske ruwa ko da rani. Wannan an hwaɗa muna."

"Wannan ya ba ni na rani. Na damina hwa? Mi ya sa shi ke zubarwa ga ruwa?"

"Ban sani ba."

"Mushenka ya sani?"

"Wani ya taɓa tambaya tai. Ya ce masana ma ba su gama daidaita baki a kai ba."

"Da ƙarhen nasa mai madubi?"

"Da shi."

Kalla ya ja tsaki, ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Abin duniya ya ishe shi. Ya zo fitar da ɗa daga kaso, ya iske babu kaso. Ya ce zai cire shi don ya kasa, ga shi kuskuren da yaron ya yi shi ma shi ya yi, da bakinsa, gaban mushe. Har yanzu bai yarda matacce na ɗaukar ruwa ba, amma ɗakunan ya gan su da idonsa, kuma jiya war haka da wani ya ce masa akwai su da ya ce mahaukaci ne.

Direba ya buga jikin mota. "Buza! A hau!"

Hamidu ya kai hannu zai ɗora akwati bisa kai ya nufi motar.

"Ina za ka?"

"Mota, Baba."

"Wa ya ce da kai mota? Koma inda ka hito. Ka ce wa mushen na ce shi ƙara maka wuta. In kun kai wurin gawo, ka buɗe kunne da kyau, in babu wanda ya sani kai ka nemo. Kuma in za ka aiko wa uwarka abu, ka naɗe da tsumma kamar ɗan mutane."

Yaron ya tsaya da akwati a hannu, bai san ko ya yi godiya ko ya gudu kafin a sake shawara ba. Ya durƙusa, ya tashi, ya sake durƙusawa, sannan ya kama hanya da sauri, akwatin na ƙara bisa kansa.

Jima ya riƙe haɓa. "Yau na ga abin da ban gani ba ko a yaƙi. Kalla ya yi magana biyu. Mi za ka ce wa Kulu? Mi za ka ce wa mutanen da ka ce kowa ya ji?"

"Ban sani ba."

"In hwaɗa musu da Faransanci?"

"In ka ƙara buɗe baki da Faransanci a Gidan Jika sai na jehwa ka rijiya." Ya kama ƙarfen motar ya ɗaga ƙafa, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ni na yi maganar gabansu. Ni zan tsaya gabansu in haɗiye ta."

Ya samu wuri bisa wani buhu ya zauna. Da motar ta tashi ya leƙa ta tsakanin katakai, har sai da ya ga yaron ya karya kwanar da ke bayan kasuwa.